Jadawalin da Ya Ƙi Tsofaffin Tsibiri

Ranar da Idirisa ya fara ganin Fadila, ko kai ba ta ɗaga ta dube shi ba.

Da tsakar rana ya shigo buro, wato ofishin ƙungiyar Rumbun Kowa da ke Sabon Gari a Maradi, rungume da takardun da ya cika a ƙauyukan Tsibiri, gumi ya jiƙe masa bayan riga. Shekarar dubu biyu da goma ce. Daminar baya ba ta yi albarka ba, rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, sojoji kuma sun karɓi mulki a Yamai suna cewa za su shirya zaɓe su koma bariki. Ƙungiyar na raba hatsi ga gidajen da yunwa ta fi matsa wa, aikin Idirisa kuwa shi ne ya hau babur ya bi gida-gida yana rubuta masu gida da yawan bakin da suke ciyarwa.

An ce masa ya kai takardun wurin sabuwar ma'aikaciya. Ya zaci dattijuwa zai tarar. Sai ya ga siririyar budurwa da mayafi ruwan toka, yatsunta na gudu a kan ordinatar, wato kwamfuta, kamar na mace mai tsince shinkafa. Ya yi sallama, ta amsa idonta na kan allo. Ya tsaya yana kallon layuka na hawa suna sauka bisa umurninta, har ya manta da abin da ke hannunsa.

Sai wuta ta ɗauke. Allon ya yi baƙi.

Ta dafe kai da hannu biyu. "Ya tahi," in ji ta.

Ya tambaye ta wa ya tafi. Ta ce jadawalin, duk aikin da ta yi tun safe. Ya leƙa bayan akwatin injin ya ce ai bai ga abin da ya fita ba. Ta yi masa bayani a gajiye: abin da aka ajiye a cikin inji kamar hatsi ne a rumbu, yana nan ko da wuta ko babu. Amma wanda take aiki da shi a ƙwaƙwalwar injin yake, kamar hatsin da aka ɗebo a faifai ana sheƙa. Wuta na ɗaukewa, faifan ya kife.

"To ai da sauƙi," ya ce. "Rumbun na nan. Sai a ɗebo wani."

Nan ne ta ɗago. Ta dube shi daga hula har takalmi, sannan ta yi dariya, wata ƙaramar dariya da ta bi shi har Tsibiri ta kwana da shi. Kafin ya tafi sai da ya durƙusa a bayan buron ya tayar mata da tsohon injin wutar da kowa ya yanke wa ƙauna.

Fadila ɗiyar Alhaji Chaibu ce na unguwar Zariya, wanda manyan motocinsa ke zuwa Kwatano da Katsina, shi ne ma ya ba ƙungiyar aron motocin da ke kai hatsi ƙauyuka. A Yamai ta karanci aikin ordinatar. Idirisa kuwa maraya ne, kakarsa Habsatu ta goya shi a Tsibiri, karatunsa ya tsaya a lise, wato babbar sakandare. Duk wanda ya san Maradi ya san tsakanin waɗannan gidaje biyu akwai tafiya, ko da babur ya fi iska gudu.

Takardu suka yi mata yawa, sai ta ce za ta koya masa bugawa ya riƙa shigar da nasa da kansa. Ya fara da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar tsaba. Ta riƙa kiransa Ɗalibina, shi kuma Malamata. In ya gama bugawa sai ya ja kujera gefe ya kalle ta tana rubuta wa injin umurni da wani yare da ba Faransanci ba ne sosai, ba kuma Ingilishi ba, injin kuwa ya bi ta ba musu. Sunayen da ya wahala a rana yana tarawa, ta ce su jeru, su jeru. Ta ce na ƙauyen Jiratawa su ware, su ware. Bai taɓa ganin abin da ya cika masa ido haka ba.

Wata yamma yana hanyar gida wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya gindin wata bishiyar bedi ya duba.

"Ɗalibina, ka manta hularka a kan kujerata. Na riƙe ta jingina sai ka iya bugawa da yatsa goma."

Ya daɗe yana gogewa yana sake rubutawa kafin ya aika:

"Malamata, riƙe ta. Kan da ke sa ta ma yana wurinki tun ranar da wuta ta ɗauke."

Amsar ba ta zo ba sai da ya kai ƙofar gida.

"Na sani. Ni ma ranar ba jadawali kaɗai na rasa ba. Ka gaida Kaka."

Kaka Habsatu ta ga yadda yake murmushi shi kaɗai a kan tuwo, ta ce ko wace ce, Allah ya sa ta iya dama fura.

Da magana ta yi ƙarfi, Idirisa ya tura kawunsa Gado gidan Alhaji. An shimfiɗa masa darduma, an kawo masa ruwan sanyi, an tambaye shi lafiyar gonaki. A ƙarshe Alhaji ya ce a dakata tukuna, shekarar ba ta biki ba ce. Kawu Gado ya dawo ya faɗa wa Idirisa gaskiya, irin wannan dakatawar ba ta da ranar ƙarewa.

A gida kuwa Alhaji bai ɓoye wa ɗiyarsa ba. Ya ce ba zai yi mata dole ba, bai yi wa yayyenta ba. Amma shi ɗan kasuwa ne, ba ya ba da amanar mota ga direban da bai gwada ba, balle ɗiya. Ga Abdulmutallib, ɗan abokin cinikinsa, an san gidansu, an san hannunsa, yana ma shirin tsayawa takarar konseye, wato kansila, in an buɗe siyasa. Fadila ta ce ta ji. Abdulmutallib ya ci gaba da zuwa da yamma cikin mota mai sanyi, ita kuma ta ci gaba da gaishe shi kamar baƙon mahaifinta.

Ana haka ranar rabo ta zo a Tsibiri. Idirisa ya tsaya a kan buhuna da takardar da injin ya fitar, yana kiran suna ana zuwa ana karɓa. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai, sai ya ga inuwar bango cike da mutanen da ba a kira ba. Tsofaffi ne kusan dukkansu, wasu da sanduna, kowa da buhunsa a ninke a kan cinya. Cikinsu har da Kaka Habsatu. Ya juya takardar gaba da baya. Babu su.

Wani tsoho ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ɗan nan, ba kai ka zamna a zaurena ka rubuta ni ba?"

Washegari a Jiratawa haka aka yi.

A wannan lokaci, in akuya ta ɓata a Maradi sai an ce jam'iyya ce. Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari: yaron Tsibiri ya cire gidajen da 'ya'yansu ba sa bayan mutanensa. Wani ya tuna ya taɓa ganin babur ɗinsa a ƙofar wani taron siyasa, bai kuwa tuna cewa kujerun haya ya kai ba. Abdulmutallib bai ƙirƙiri maganar ba, amma shi ya ɗauke ta da hannu biyu ya kai zauren Alhaji. Shugaban ƙungiya ya duba takardun hannu ya ga sunayen, ya duba na inji ya ga babu. Wa ya buga? Idirisa. Aka ce ya ajiye makullin babur ya zauna gida sai kwamiti ya zauna.

Duk wannan bai kai masa zuci ba kamar abin da Fadila ta ce a bakin ƙofar buro, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta ya yi ja.

"Kai kaɗai ka shigar da su, Idirisa. Inji ba shi da jam'iyya."

Ba ta ce Ɗalibina ba. Ya koma Tsibiri a motar haya, ya aika saƙo ba amsa, ya sake aikawa ba amsa. Ya zauna yana kallon Kaka na auna ɗan garin da ya rage tana ƙara masa ruwa. Daga ƙarshe ya rubuta:

"Malamata, ban ce ki yarda da ni ba. Amma Kaka Habsatu na cikin waɗanda ba a kira ba. Ita ta goya ni. Wace jam'iyya ce za ta sa in cire ta? Ki duba kawai, don tsofaffin nan, ba don ni ba."

Da hantsi washegari amsa ta zo:

"Ka zo buro yanzu. Kowa ya tahi sito."

Ya same ta zaune, fuskarta kamar wadda ba ta ci abinci ba. Ba ta gaishe shi ba, ta ja masa kujera. Ta buɗe inda bugunsa ke ajiye, rumbun nan da ta taɓa faɗa masa, ta nemi sunan Habsatu. Ga shi nan, da ƙauyenta da komai, yadda ya buga. Ta ɗebo jadawalin zuwa ƙwaƙwalwar inji, ta sake nema. Babu.

"Tsakanin rumbu da faifai suke zubewa," in ji ta. "Wurin da ba mai gani."

Ya ce to ta yaya za a ga abin da ba a gani? Ta ce za ta tambayi jadawalin da kansa. Ba sunayen da ke cikinsa za ta tambaya ba, ƙirarsa za ta tambaya, abin da suke kira shema: gurabe nawa gare shi, mene ne sunan kowane gurbi, wane irin abu yake karɓa, kuma ko ya yarda a bar shi fanko. Ta rubuta layi ɗaya tak, ta danna.

Sai ga wani ɗan ƙaramin jadawali ya fito, yana ba da labarin babban. Idirisa ya matso har numfashinsa na taɓa allon. Shi dai ya san ana tambayar mai kaya abin da ke cikin buhu. Bai taɓa jin an tambayi buhu yadda aka saƙa shi ba, buhun kuma ya buɗe baki ya faɗa. Ya ce a ransa, Allah mai iko, wanda ya ba ɗan Adam wannan.

Ta bi da yatsa tana karanta masa. Gurbin suna, rubutu yake karɓa. Gurbin ƙauye, rubutu. Yawan mutanen gida, lamba. Da ta zo gurbin haihuwa sai yatsan ya tsaya. Cikakkiyar rana yake karɓa, da wata da shekara, kuma ba a barinsa fanko.

Ta tambaye shi me ke rubuce a katin Kaka. Ya ce abin da ke katin duk wani tsoho a ƙasar nan: an haife ta wajen shekara kaza. Wa ya rubuta ranar haihuwa a ƙauye a zamaninsu? Ma'aikaci ne ke duban fuskar mutum ya yanka masa shekara. Yadda ya gani a katin, haka ya buga.

Fadila ta rufe baki da mayafi. Ta ce lokacin da ta gina abin, da takardun cikin gari ta gwada shi, na matasan magidanta masu takardar asibiti. Ita ta ƙera gurbin haka. Ita kuma ta ce wa injin in ya ci karo da layin da bai dace ba ya tsallake, kada ya tsaya, don aiki ya yi sauri. Rariya ta saƙa, mai ramin da tsoho ba ya wucewa.

"Ni ce, Idirisa. Ni na hana Kaka hatsi, kuma na dube ka na ce kai ne."

Hawayenta na sauka a kan madannai. Shi kuwa abin mamaki, ba murna ya ji ba. Abin da ya fara zuwa masa shi ne zauren Alhaji, da bakin mutanen gari, da masu cewa dama me ya kai mace wannan aiki.

Ya ce, "Gyara shi yanzu, a fitar da sabuwar takarda, tsofaffi su samu hatsinsu. Sauran ki bar mini. A ce hannuna ne ya kuskure. Ni in na bar nan, kabu-kabu zan yi, in riƙa ɗaukar fasinja a babur, ba abin da ya ragu. Ke kuwa in suka samu bakin magana, ba za su sake barin ki kusa da inji ba. Kuma ban taɓa ganin wanda aka yi domin wani aiki ba kamar ke da wannan."

Ta dube shi. Sannan ta buɗe aljihun teburinta ta ciro hularsa, ta ɗora masa a kai, ta gyara mata zama.

"Ɗalibina," ta ce, "yau ka faɗi jarrabawa. Gobe ka zo da wankakkiyar riga."

Kwamiti ya zauna a babban ɗakin buro. Ga shugaba, ga wakilan ƙauyuka, ga Alhaji Chaibu a kujerar gaba saboda motocinsa, Abdulmutallib na bayansa ya zo rakiya. Idirisa na tsaye jikin bango. Kafin a kira shi Fadila ta miƙe, ta ce tana da magana. Ta juyo da allon wajen mutane, ta kira ɗan ƙaramin jadawalin nan, ta yi bayani da Hausar da kowa zai gane, ba ta rage wa kanta komai ba.

Abdulmutallib ya yi gyaran murya ya ce kowa ya san zuciyar mace, tana iya ɗaukar laifin wani don tausayi. Wasu suka gyaɗa kai.

Fadila ba ta dube shi ba. Ta je gaban mahaifinta ta durƙusa.

"Baba, ara mini katinka."

Alhaji ya zaro shi daga aljihun 'yar ciki. Ta ce wa shugaba ya zo da kansa ya buga, kada a ce hannunta ne. Shugaba ya buga sunan Alhaji, da unguwar Zariya, da abin da katin ya ce: an haife shi wajen shekara ta arba'in da takwas. Aka ɗebo jadawalin. Aka nemi Chaibu. Allon ya dawo fari fat.

Alhaji ya tashi ya zo ya sunkuya, ya kalli allon, ya kalli katinsa, ya leƙa bayan akwatin kamar yadda Idirisa ya taɓa yi.

"Wato injin ga cewa ya yi babu ni?"

"Haka ya ce, Baba. Ni na koya masa."

Ta sauya gurbin a gabansu, ta buɗe shi ya karɓi mai rana da marar rana, ta kuma hana injin tsallake kowa a ɓoye. Ta danna. Sunan Alhaji ya fito, a bayansa kuma sunaye suka riƙa zubowa kamar an buɗe bakin rumbu, na Tsibiri, na Jiratawa, har wakilan ƙauyuka suka taso suna nuna na mutanensu da yatsa suna salati. Wani dattijo ya ce shi dai yau ya ga abin da zai ba jikokinsa labari.

Alhaji bai koma kujerarsa ba. Ya juya wajen bango.

"Kai yaro, yaushe ka san wannan?"

Idirisa ya ce jiya. Alhaji ya ce to me ya hana shi zuwa da gudu ya wanke kansa? Idirisa ya sunkuyar da kai. Fadila ce ta faɗi abin da ya roƙe ta, kalma bayan kalma.

Alhaji ya daɗe yana juya katin a hannunsa. Abdulmutallib ya tuna yana da wani uzuri, ya sulale.

"Tun ina yaron mota nike kasuwanci," in ji Alhaji a hankali. "Masu son raba riba da ni sun fi a ƙirga. Wanda zai ɗauki hasarar da ba tashi ba, ya rufe baki, ban taɓa samu ba, ko cikin dangina." Ya mayar da katin aljihu. "Ka ce wa kawunka dakatawar ta ƙare. Amma hatsin tsofaffi tukuna. A loda motocina yau."

Shugaba ya ja wa Fadila kunne a gaban kowa, ya kuma ce daga yau kada a fitar da takarda sai an tambayi jadawali ƙirarsa an karanta a fili. Da la'asar Idirisa ya sake hawa kan buhuna a Tsibiri. Sunan da ya fara kira na tsohon nan ne mai zaure. Fadila ta biyo motar, ta bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa tana neman gafara. Kaka Habsatu ta kama haɓarta ta juya fuskar wajen haske ta ce, "Ashe ke ce. To, kin iya dama fura?"

Damina ta yi kyau a shekarar. Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji da ke Zariya, gari cike da hotunan 'yan takara, amma ranar ba wanda ya yi zancensu. Alhaji ya aika mota ta musamman ta kwaso tsofaffin Tsibiri da Jiratawa, ya ce su ne manyan baƙinsa, tunda inji ya tabbatar shi da su ƙungiya ɗaya ce. Suka cika rumfar gaba, ana ta tsokanar juna a kan wanda ma'aikaci ya fi zalunta da shekaru.

Ana shafa fatiha wayar Idirisa ta motsa a aljihu.

"Angona, na tambayi zuciyata ƙirarta. Gurbi ɗaya gare ta, suna ɗaya take karɓa, kuma ba ta yarda a bar ta fanko."

Ya karanta, ya sake karantawa, abokai na jan hannunsa. Ya samu ya rubuta:

"Malamata, wannan kada ki gyara shi."

Da aka kawo amarya Tsibiri, Kaka Habsatu ta zaunar da su gabanta, ta haɗa hannuwansu cikin nata masu kaushi. Ta ce in Allah ya kawo rabo su rubuta ranar haihuwa da kyau, kada wani inji ya zubar mata da tattaɓa-kunne. Fadila ta yi dariya cikin mayafi ta ce ai ta faɗaɗa ƙofar, yanzu kowa na shiga.

"To haka gidanku zai zama," in ji Kaka. "Allah ya sa rumbunku kada ya ga ƙasansa. Allah ya ba ku zuri'a mai jin ƙan tsofaffi. Ya kai ku shekarun da ku ma za a dube ku a kasa ƙirgawa."

Duk ɗakin aka amsa da amin.